13 ga Mayu 1991: Ranar da matan Nijar suka ƙi yin shiru

Jama'a, kowace shekara muna ganin mata sun ɗinka anko ran 13 ga watan Mayu, ana kiɗa ana shagali. Amma mu nawa ne muka san mafarin wannan rana?

A 1991, zamanin mulkin Janar Ali Saibu, ƙasa ta shiga shirin babban taron ƙasa da zai buɗe hanyar dimokuraɗiyya. Aka kafa kwamitin share fage, sai ga mace ɗaya tak a cikinsa, sauran duk maza.

Matan Yamai ba su tsaya gunaguni cikin ɗaki ba. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, ɗalibai da 'yan kasuwa suka bar aiki, suka fito dubbai, suka taka da ƙafa har ofishin firaminista Aliyu Mahamidu. Ku tuna fa, lokacin soja ne, kuma shekara guda kafin nan, ran 9 ga Fabrairu 1990, an harbe ɗalibai a gadar Kennedy. Sun san abin da ka iya biyo baya, amma suka fito.

Hukuma ta saurara, aka ƙara mata biyar a kwamitin. Daga baya aka mai da ranar ta zama ranar matan Nijar, a 2000 kuma aka yi dokar ware wa mata kaso a muƙamai.

Waɗannan iyaye namu ba su jira wani ya ba su muƙami kafin su yi jagora ba. To, kai da ke, in an tauye wani a wurin aiki ko a unguwa, wa zai fara buɗe baki? Allah ya saka musu da alheri.