Gado Ko Naɗi: Yadda Ya Kamata A Karanta Tarihin Sarautun Birnin Kudu da Gwaram

Masu rubuta tarihin gidajen sarauta a ƙasar nan sun saba da salo guda: a jero sunaye, wane ya haifi wane, wane ya yi shekara kaza a kan gado. Wannan salo ya fi dacewa da Turai. A Faransa, gidan Crussol ya sami sarautar Duke ta garin Uzes a 1565, tun daga nan take gangarowa ta layin maza, babba kafin ƙarami. Juyin juya hali ya soke sarautun gado a 1790, daga baya aka maido da su, ƙa'idar gadon kuwa ba ta sauya ba. Wanda ya san zuriyar gidan ya san mai sarautar gobe. A ganina wannan ma'auni ba zai auna Birnin Kudu da Gwaram daidai ba, domin a nan haihuwa damar neman sarauta kurum take bai wa mutum. Naɗi ke ba shi ita.

Duk wanda ya taɓa halartar naɗin hakimi ya ga hujjar da idonsa. Ɗan gidan sarauta, kome tsawon asalinsa, sai ya zo fada an naɗa masa rawani, an yafa masa alkyabba, ya zube gaban Sarki ya yi gaisuwa, dogarai su amsa masa, sannan algaita ta tashi. A bayansa akwai 'yan'uwa da baffanni waɗanda jininsu ɗaya da shi, wasu ma sun girme shi, amma suka koma gida ba rawani. Dalilin da ya sa aka ɗauke shi aka bar su, nan tarihin yake.

Birnin Kudu tsohon birni ne mai sarkinsa, ana lissafa shi tare da Rano, Gaya, Dutse da Ƙaraye cikin manyan garuruwan ƙasar Kano. Bayan faɗuwar Sarkin Kano Alwali wajen 1807, jihadi ya sauya masu riƙe da garuruwa da dama. A maƙwabciyarsu Dutse, gidajen Fulani biyu suka fito, Jalligawa da Yalligawa, abin da shi kaɗai ya isa ya rushe zancen ɗan fari. Sai kuma matsalar Ningi. Tun da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa a shekarun 1840 suka fake a duwatsun Ningi, kudu maso gabashin Kano bai ƙara barci da ido biyu rufe ba. Birnin Kudu da Gwaram suna bakin wannan iyaka, kuma Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya sha fama da hare-haren Ningawa. A irin wannan wuri Kano ba ta da sararin duba wane ne babba a ɗaki. Mai iya tsare ganuwa da tara dawaki take nema, wanda kuma ba zai juya mata baya ba.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 suka yanka ƙasar gunduma-gunduma, sai abin da ake nema ga hakimi ya koma tara haraji da jangali da riƙe littafi. Ya zama mai albashi daga baitulmali, naɗinsa da tuɓe shi sai da yardar Razdan. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙwace yawancin ikon da ya rage.

Abin da ya fi jan hankali shi ne fadar da ake zuwa gaisuwa ma ta sauya. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga Dutse ta zama masarauta a 1981, aka soke matakin a 1983. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kudu da Gwaram suka tabbata cikin Masarautar Dutse, tare da Buji, Kiyawa, Jahun da Miga. Wato Birnin Kudu, garin da dā yake kafaɗa da kafaɗa da Dutse a gaban Sarkin Kano, yau a Dutse ake naɗa hakiminsa. Jerin sunayen kakanni ba zai taɓa nuna wannan ba, alhali ya fi kowace haihuwa tasiri a kan gidajen.

Za a iya cewa ai Faransa ma sarki ne ya fara bayar da sarautar. Haka ne, amma sau ɗaya ya bayar, takarda ta ci gaba da aiki. A nan kowace rasuwa sabuwar shawara ce. Ban kuma ce asali ba shi da nauyi ba. Bare ba kasafai yake shiga takara ba, kuma maroƙa ba sa yi wa mutum kirari da kakan da ba nasa ba.

Saboda haka mai nazari a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa kada ya tsaya ga jerin da fada za ta miƙa masa. Ya nemi bayanan gundumomi na zamanin Turawa a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ya zauna da maroƙa da tsofaffin matan gidan, waɗanda suka san ɗakin da kowa ya fito. A kan kowane suna ya tambaya: wa ya naɗa shi, su wa suka nema tare da shi, me ya sa aka tuɓe na gabansa in an tuɓe shi. Dattawan da ke riƙe da amsoshin nan suna ƙarewa, a hanzarta.