Gyaran da Ya Rage wa Agogo Daraja

Thomas Tompion, maƙerin agogo na Landan da ya rasu a 1713, ya yi wata dabara da har gobe masu gwanjo ke cin moriyarta: ya riƙa buga lamba a jikin agogunansa, sau da yawa a kan inji da kuma gidansa na katako. Idan lambobin biyu suka dace, hankalin mai saye ya kwanta. In inji daban ne gida daban, 'yan kasuwar kan ce an yi wa agogon "aure", farashi kuma ya faɗi.

Sai dai babbar ɓarnar da aka yi wa agogunan tebur na wancan zamani, da kyakkyawar niyya aka yi ta. A ƙarni na 19 masu gyara a Ingila sun riƙa cire tsohon ƙarfen da ke daidaita bugun agogo, su sa na zamani wanda ya fi riƙe lokaci. Ba su yi laifi ba. Mai gida agogo yake so, ba kayan tarihi ba.

Da ƙarni na 20 ya zo, masu tara kayan da suka ce na asali suke nema. Sai aka koma ana cire gyaran, ana ƙera sabon ƙarfe mai kama da na farko. Shi ya sa gogaggen mai saye kan buɗe bayan agogo ya duba ramukan da aka toshe kafin ya taya.

A 2019, a gwanjon Bonhams, wani ƙaramin agogon da Tompion ya ƙera wa Sarauniya Mary ta Biyu ya tashi kusan fam miliyan 2.