Lasifikar Da Ba Ta Iya Ƙarya: Daga Ina Monitar Situdiyo Ta Fito?

Idan ka shiga shagon kayan sauti da niyyar sayen lasifika, mai shago zai kunna maka wadda ta fi girgiza ƙirji. Ya san abin da ke sa mutum ya zaro kuɗi. Amma akwai wata irin lasifika da ba don faranta maka aka ƙera ta ba, sai don ta faɗa maka gaskiyar abin da aka naɗa, mai daɗi ko marar daɗi. Ita ce monitar situdiyo, kuma yau mutane da dama na sayenta don ɗakin gida. Kafin ka saya, ya kamata ka san tarihinta, domin a cikinsa ne za ka gane yadda ake zaɓenta da yadda ake ajiye ta.

A shekarar 1925 injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarin da kusan kowace lasifika ke bi har yau: naɗin waya kusa da maganaɗisu, lantarki ya bi ta ciki, ya tura faifan takarda gaba da baya, faifan ya tura iska. To da gidajen rediyo da masu fim suka yawaita, sai matsala ta taso. Mai haɗa sauti yana buƙatar ya ji kuskure tun kafin jama'a su ji. Wannan buƙata ce ta haifar da manyan lasifikoki irin su Altec 604 na 1944 da Tannoy Dual Concentric na 1947 a Ingila. Manya ne, masu nauyi, na manyan ɗakuna.

Sai dai ɗaki ma yana da nasa baki. Sauti na fitowa ya bugi bango, ya dawo ya gauraya da na asali. Idan lasifika na nesa da kai, rabin abin da kake ji na ɗakin ne. Maganin da aka samo mai sauƙi ne: a rage girman lasifikar, a matso da ita kusa da kunne. Gidan rediyon BBC ya ƙera ƙaramar LS3/5A a tsakiyar shekarun 1970 don motocin watsa shiri daga waje, inda babu fili.

Labarin da ya fi ban mamaki shi ne na Yamaha NS-10M. An fito da ita a 1978 a matsayin lasifikar gida, amma ba ta samu karɓuwa ba, don sautinta ba ya lallashi. Sai injiniyoyin situdiyo suka gano cewa wannan rashin lallashin shi ne amfaninta: waƙar da ta yi daɗi a kanta, za ta yi daɗi a rediyon mota ma. Har wasu, irin su Bob Clearmountain, suka riƙa rufe ƙaramin bakinta da takardar tishu don rage kaifin siririn sauti. Ta mamaye situdiyoyin duniya har aka daina ƙera ta a 2001. Ka ga darasin? Mawaƙin da ke haɗa waƙa a ƙaramin ɗaki a Kano, wadda galibi a waya za a saurara, tambayar da ke gabansa ita ce dai ta waɗancan injiniyoyi.

Ita NS-10 tana buƙatar amfilifaya daban. Tunanin sa amfilifaya a cikin akwatin ya fito fili ne da Klein + Hummel OY ta Jamus a 1967, sannan kamfanin Genelec da aka kafa a Finland a 1978 ya gina sunansa a kai. Hikimar ita ce a raba sautin gida biyu tun yana da rauni, kaurin ya tafi babban faifai, siririn ya tafi ƙarami, kowanne da amfilifayarsa da aka auna masa. Wato an ɗauke maka wahalar neman wadda ta dace. Da farashin kayan lantarki ya sauko, wannan tsari ya iso teburin talaka.

To me wannan tarihi ke gaya maka?

Na farko, girma ba shi ne kyau ba. A ƙaramin ɗaki, faifai mai inci 5 ya fi mai inci 8 sauƙin sarrafawa. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura sautin da ke wajen hertz 43. Babbar lasifika za ta tsokano wannan kumburi, ka ji ɗakin na gurnani.

Na biyu, zauna kusa. Ka sa tazarar da ke tsakanin lasifikokin biyu ta zama daidai da tazarar kowacce zuwa kanka, kamar mita 1 zuwa 1.5. Ka karkato su su fuskance ka, ƙaramin bakin na daidai tsayin kunnenka. Kada ka cusa su a lungu, don lungu na ƙara kaurin da babu shi a waƙar.

Na uku, gyara ɗakin. Bangon siminti da tayil suna mayar da sauti sosai. Darduma, labule mai kauri da kantar littattafai za su iya yi maka abin da ƙarin kuɗin lasifika ba zai yi ba.

Na huɗu, tunda amfilifaya na ciki, hawa da saukar wuta na iya ƙone ta, don haka sitabilaiza ba ado ba ce. Ka kunna lasifika a ƙarshe, ka kashe ta a farko. Kuma ka tausaya wa kunnenka: masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma jin da ya lalace ba ya dawowa.

Ranar da za ka je shago, tafi da waƙar da ka sani ciki da bai, da kuma muryar mutum yana magana. Ka saurara a ƙaramin sauti. Wadda ta nuna maka abin da ba ka taɓa lura da shi ba, ko da numfashin mawaƙi ne ko kuskuren makaɗi, ita ce ka zo nema.