Auna Haɗari Tsakanin Yaran da Aka Yi wa Rigakafi da Waɗanda Ba a Yi wa Ba: Darasi daga Denmak da Gini Bisau

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin da masu bincike ke bi wajen kwatanta haɗarin cuta ko mutuwa tsakanin yara bisa matsayinsu na rigakafi. Ta nuna cewa ingancin sakamako ya rataya ne kan yadda aka kasa yaran rukuni-rukuni da lokacin da aka kasa su, fiye da yawan yaran kansu.

Gabatarwa

Da zarar amfanin allura ya tabbata, hana wa wasu yara ita da gangan domin gwaji ya saɓa wa ƙa'idar aikin likita. Dole sai a bi diddigin yara yadda rayuwa ta raba su, alhali rabon rayuwa ba na ƙuri'a ba ne.

Lissafin lokaci

A 2019 Anders Hviid da abokan aikinsa suka wallafa nazarin yara 657,461 da aka haifa a Denmak tsakanin 1999 da 2010, domin gano ko allurar ƙyanda da hangum da rubela na da alaƙa da larurar otizim. An samu larurar a jikin yara 6,517. Ba kawunan yara kaɗai suka ƙirga ba, sun ƙirga tsawon lokacin da aka bibiyi kowane yaro, jimilla fiye da shekara miliyan 5. Yaro guda kan shiga rukuni biyu: kwanakinsa kafin allura na marasa rigakafi ne, na bayanta kuma na masu rigakafi. Ma'aunin haɗarin ya tsaya a 0.93, iyakokin tabbas daga 0.85 zuwa 1.02. Tunda 1 na cikin iyakokin, ba a ga bambanci ba. Wanda ya ce allurar tana kare yaro daga otizim ya wuce gona da iri.

Inda son kai ke shigowa lissafi

Yaron da ba shi da lafiya akan ɗage masa allura, sai rukunin marasa rigakafi ya cika da raunana. Wani nazari a Amurka a 2015, kan yara 95,727, ya nuna ba a cika yi wa ƙannen masu otizim allurar ba kamar sauran yara, ga shi kuwa haɗarinsu ya fi yawa tun asali.

Matsalar Gini Bisau ta fi wannan wuyar gani. Masu binciken aikin lafiya na Bandim a ƙasar, ƙarƙashin Peter Aaby, sun lura cewa idan yaro ya rasu katin rigakafinsa kan salwanta. In aka dawo ziyara aka sabunta bayanai daga katin masu rai kaɗai, mamacin da aka yi wa allura sai ya faɗa cikin marasa rigakafi, allurar ta fito da amfanin da ya zarce gaskiya. Gyaran shi ne a riƙe matsayin yaro na ranar da aka ga katinsa, a fara lissafi daga nan.

Akwai kuma dabarar Paddy Farrington ta 1995, wadda ke kwatanta yaro da kansa: makonnin da ke bin allura da sauran lokutansa.

Kammalawa

Waɗannan hanyoyi kan gano illa idan akwai ta. A 1999 an janye rigakafin RotaShield a Amurka bayan an danganta shi da shigewar hanji cikin hanji ga jarirai. A ra'ayin wannan maƙala, duk nazarin da bai fayyace ranar da yaro ya sauya rukuni ba, bai kamata hukumomin lafiya su gina hukunci a kansa ba.