Burkutu

Burkutu giya ce ta gargajiya da ake dafawa da dawa, wani lokaci da gero ko masara. Tana da kauri da tsami, launinta ja-ja ne, a ƙoƙo ake shan ta. 'Yar'uwarta fito tatacciya ce, ba ta kai ta kauri ba. Ana samun irinta a Burkina Faso da Mali da sunan dolo, a arewacin Kamaru kuma bilbil.

Dafa ta sana'ar mata ce, uwa ke koya wa 'ya. Ana jiƙa dawa, a baza ta a rufe, ana yayyafa ruwa kwana huɗu zuwa biyar har ta yi tsiro. Tsiron ne ke juya garin hatsi ya zama sukari. Sai a shanya, a niƙa, a dama, a dafa, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa. Idan ya huce a zuba ragowar tsohuwar dahuwa, wadda ke ɗauke da yis, ya yi kamar kwana biyu yana tashi. Ƙarfin barasarta yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari.

Gwanintar tana wajen sanin lokaci. Mai dafawa ba ta da ma'aunin zafi. Da harshe, da hanci, da yanayin kumfa take gane inda aka kwana. Tsami ya gaza, abin ya fito salam. Ya zarce, an yi asarar dawa da itace. Shi ya sa mashaya ke bambanta hannun wance da na wance. Ba ta kuma ajiyuwa, cikin 'yan kwanaki take lalacewa.

A da Maguzawa kan dafa giya don gayya da bukukuwa. A Jihar Kebbi an fi sanin burkutu a ƙasar Zuru. Gwandu kuwa, mazaunin Abdullahi ɗan Fodiyo, da garuruwa irin su Dodoru da Kalgo, ƙasar Musulmi ce. Addini ya haramta giya, jihar kuma ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000. Dawar yankin tuwo da kunu take zama, kodayake wasu masu kunun zaƙi da tsiron hatsi suke zaƙaƙa shi.

Bayan gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya su ma dawa suka koma wa.