Daga Sarkin Ƙofa zuwa 'Yan Sintiri: Tsaron Unguwa da Dare a Tarihin Kano

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a unguwannin bayan badala a ƙarshen shekarun 1980 ba zai manta da ƙarar usur da tsakar dare ba, da kuma ƙarfen da ake kwaɗawa sa'a-sa'a don a shaida wa masu barci, da ɓarawo ma, cewa akwai idon da bai runtsa ba. Mutane da dama sun ɗauka wannan al'ada baƙuwa ce, wai daga Kudu aka kwaikwayo ta ko daga Turawa. Suna da ɗan abin kafa hujja, domin kuwa sunayen da muke kiran masu wannan aiki da su kusan duka aro ne daga Ingilishi: gadi, da sintiri, da banga, da bijilanti. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun waɗannan sunaye a Kano, ta nuna cewa tsaron gida da dare tsohon aiki ne a wurin Bahaushe, kuma abin da ya yi ta sauyawa shi ne hukumar da mai tsaron yake amsa wa, watau wanda ake miƙa wa ɓarawo idan an kama shi.

Bari mu fara da ganuwa. Littafin Tarihin Kano ya danganta fara gina ta ga Sarki Gijimasu a wajen ƙarni na 12, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Baturen nan Kilafaton da ya shigo birnin a 1824 ya ƙidaya ƙofofi 15, ya ce na katako ne da aka lulluɓe da ƙarfe, ana buɗe su da hudowar rana, a rufe da faɗuwarta, kuma akwai ɗakunan masu tsaro a kowace. Don yaƙi aka yi ganuwa, wannan ba a musu. Amma duk wanda ya san sata ya san cewa ɗaukar kaya ba shi ne wuya ba, fita da su ne. Ɓarawon da ya huda katanga ya kwashe tufafi ko ya kwance jaki a cikin birni, dole ya kwana da kayan a cikin birnin, ya jira gari ya waye ya bi ta gaban Sarkin Ƙofa, alhali kuwa cigiya ta riga shi isa can. Wannan ne ya sa ɓarawon zaune, mai ɓoye kaya da sayen su, ya zama ginshiƙin sana'ar, harshen kuma ya ba shi suna nasa na kansa.

A cikin unguwa kuwa, ginin gida da kansa mai gadi ne. Ƙofa ɗaya ce, ta soro, kuma a soron ne samarin gida da almajirai da baƙi suke kwana. Lunguna ƙunci gare su, wasu ba sa ɓullewa, wanda ba ɗan unguwa ba in ya ruga a guje sai ya ci karo da bango. Baƙo in ya sauka, mai masaukinsa ne zai sanar da mai unguwa, shi ne kuma za a tuhuma in wani abu ya ɓace. Haka fatoma yake ɗauke da nauyin dukiyar fataken da suka sauka a gidansa. Idan duk wannan bai hana ba, sai ihu. Da an ji "Ɓarawo! Ɓarawo!" kowane magidanci zai fito da abin da hannunsa ya kai, wanda ya ji ya yi kwanciyarsa kuwa gobe ba zai iya haɗa ido da mutane a masallaci ba. Saboda haka babu wata ƙungiya mai suna da ake kira ta tsaron unguwa, domin unguwar duka ita ce ƙungiyar. Ina ganin wannan ne dalilin da ya sa ba mu gaji kalma guda ta asali ga mai yawon dare don tsaron maƙwabta ba.

Abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu shi ne inda ɓarawon yake ƙarewa. Mai unguwa zai miƙa shi ga dogarai, su kai shi gaban alƙali. Shari'ar Malikiyya, kamar yadda kowane ɗalibin Risala ya sani, ba ta yanke hannu sai abin da aka sata ya kai rubu'in dinari ko dirhami 3, kuma sai an fitar da shi daga ma'ajiyarsa, sa'an nan ga sharaɗin shaidu ko iƙirari. Ba ina cewa zamanin nan na adalci ne tsantsa ba. Dogarai yawancinsu bayin sarki ne, fada suke yi wa aiki kafin talaka, kuma tsoron da ake yi musu bai rasa dalili ba. Ɓarawo ma yakan sha duka kafin ya isa hannunsu. Amma dai hanyar a shimfiɗe take, gajera ce, kowa kuma yana ganin ƙarshenta da idonsa.

Turawa sun ci Kano a 1903, suka hana hukuncin yanke gaɓa, suka bar dogarai a hannun sarki. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka yanka Sabon Gari, Fagge ta cika ta batse. Kuɗi da baƙi da kayan kanti suka taru a wajen ganuwa, inda babu ƙofar da za a rufe. A 1925 En'e ta Kano ta kafa sabuwar runduna mai inifom da fareti, aka kira ta 'yan gadi, wadda daga baya ta koma 'yan doka. Nan ne kalmar aro ta farko ta samu gindin zama, kuma ya kamata a lura cewa ba ma'aikacin da attajiri ya ɗauka ya kwana a ƙofarsa take nufi ba a lokacin. Ma'aikacin hukuma take nufi. Shugabancin rundunar yakan kasance a hannun 'ya'yan sarauta. Alhaji Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka daga 1957 zuwa 1962, kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya hau gadon sarauta a 1963.

'Yan doka ba su bar suna mai daɗi ba, musamman a wurin 'yan NEPU, waɗanda suka sha kamu da ɗauri a hannunsu. A cikin wannan rigima ta siyasa ne kuma kalma ta biyu ta shigo. Banga, ba gangar nan ta makaɗan fada ba, daga kalmar Ingilishi mai nufin 'yan sahun gaba take, kuma da ita aka kira samarin da jam'iyyu suke tarawa don kare taronsu ko tarwatsa na abokan hamayya. Abin lura ne ƙwarai cewa wannan suna na 'yan ta-kife shi ne daga baya ya koma kan masu tsaron unguwa, har yau a wurare da yawa ba a san su da wani suna ba sai 'yan banga. Harshe bai yi kuskure ba a nan: sau da yawa mutanen guda ne, aikin ne ya sake. Duk da haka ɗan doka ɗan gari ne. Ya san lungu, ya san gidan ɓarawon zaune, ya san mai unguwa, mai unguwa ya san ubansa.

Wannan zare ya tsinke bayan juyin mulkin 1966. Gwamnatin soja ta yanke shawarar soke 'yan dokan En'e, daga 1968 aka fara shigar da waɗanda suka cancanta cikin rundunar 'yan sandan tarayya, aka sallami sauran. Kotunan alƙalai suka fita daga hannun sarakuna suka koma ƙarƙashin jiha. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage. Mai unguwa ya wayi gari ba shi da wanda zai aika, sai shaidar cinikin fili da sasanta ma'aurata. Ɗan sandan da zai kai wa ƙara kuwa ana iya kawo shi daga ko'ina a ƙasar, a kuma ɗauke shi kafin ya san sunayen unguwanni. Duk wannan ya faru ne daidai lokacin da yaƙin basasa (1967-1970) ya bar makamai a hannun mutane, har gwamnati ta kafa dokar fashi da makami ta 1970 mai hukuncin harbi. Kuɗin mai ya shigo, gidaje suka cika da rediyo da talabijin da babur, unguwanni irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Hotoro da Ɗorayi suka yi ta yaɗuwa, gidajen haya suka yawaita inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Mai hali ya sa ƙarfe a taga ya ɗauki maigadi, galibi daga Buzayen da farin 1973 da 1974 ya koro daga Nijar. A nan kalmar gadi ta sauko daga hukuma ta koma bakin ƙofar mutum ɗaya.

Wanda ba shi da halin ɗaukar maigadi fa? Amsarsa ita ce sintiri, kalmar da ta fito daga bakin soja da 'yan sanda. Ƙungiyoyin sun yawaita a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da matsin tattalin arziki, musamman bayan shirin SAP na 1986, ya haɗu da ƙarancin 'yan sanda. Yadda ake kafa su kusan iri ɗaya ne har yau. Sata za ta yi yawa, a fasa gida uku ko huɗu a mako guda, sai liman ya tsayar da jama'a bayan sallar isha'i. A naɗa dattawa 'yan kwamiti da ma'aji, a yanka wa kowane gida abin da zai riƙa bayarwa a wata, a sayi usur da tocila da gora, a kai sunaye wurin mai unguwa da baturen 'yan sanda. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko dai magidanta da samarinsu su riƙa fita bi da bi, ko kuwa a ɗauko waɗansu a riƙa biyan su.

Kowace hanya da ciwonta. Ta farko ita ce ta fi kusa da tsohuwar al'adar ihu da gayya, amma ba ta da tsawon rai: da sata ta lafa wata biyu ko uku, sai ma'aikaci ya tuna da ofis, ɗan kasuwa ya tuna da sammako, kuɗin wata ya daina fitowa. Ta biyu ta fi ɗorewa, sai dai wa ake ɗauka? Wanda ba ya tsoron dare, watau 'yan tauri da 'yan farauta, waɗanda aka yi imani ƙarfe ba ya cin su kuma suna da makarin layar zana da baduhu. Tsakanin waɗannan da 'yan daba kuwa iyakar siririya ce. Unguwa takan wayi gari tana biyan wanda take tsoro, ba ta kuma da ikon sallamarsa.

Amma babban ciwon, wanda hanyoyin biyu suka yi tarayya a kansa, shi ne na ƙarshen hanya. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa. Doka ta yarje wa kowane mutum ya kama wanda ya samu yana fasa gida, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Iyakar ikon ɗan sintiri ke nan, ko da yana cikin ƙungiyar bijilanti ta ƙasa da aka yi wa rajista a 1999. To amma ƙorafin da za ka ji a kowace unguwa shi ne, an kai ɓarawo da safe, da la'asar an gan shi yana shan shayi a bakin titi. Wani lokaci beli ne na halal wanda mutane ba su fahimta ba, wani lokaci kuma wanda aka yi wa satar ne ya ƙi zuwa ba da shaida don gudun jeka-ka-dawo, wani lokaci kuwa abin da ake zargi ne ya faru. Ko wanne ne, sakamakon ɗaya: masu gora sukan yanke shawarar su gama shari'ar a inda suka yi kamun. Inda wannan ya kai mu sananne ne. Kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi ba shari'a a Zamfara yana cikin abubuwan da suka rura wutar da har yanzu ake fama da ita, kuma a watan Maris na 2025 'yan bijilanti a Uromi ta Jihar Edo suka tare mafarauta matafiya, akasarinsu 'yan Jihar Kano, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu.

A unguwar da nake zaune, shekarun baya kaɗan, an kama wani yaro da asuba yana leƙa wani kango. Kafin dattawa su fito an karya masa hannu. Ashe kurma ne, akuyar uwarsa yake nema, bai ji tsawar da ake daka masa ba. A taron da aka yi bayan haka an shafe fiye da sa'a guda ana jayayya a kan ƙarin kuɗin wata, sai wani tsohon tela, wanda ya ga zamanin 'yan doka da idonsa, ya tambaya: in an kama mutum ƙarfe biyun dare, ƙofar wa za a buga? Babu wanda ya taɓa tsayar da wannan. A daren aka rubuta cewa ba a dukan wanda aka riga aka riƙe, za a tashi mai unguwa ko ɗaya daga cikin dattawa uku da aka ambata, a rubuta abin da aka samu a hannunsa a gaban shaidu biyu, kuma mutum biyu daga kwamiti su bi ƙarar har kotu, a biya musu kuɗin mota daga asusu. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi wuyar cikawa, sau biyu kawai na san an bi shi har ƙarshe.

Ƙofofin ganuwa da suka rage a yau a buɗe suke dare da rana, wasu an rushe an sake gina su da siminti don motoci su wuce. A sababbin unguwanni kuwa layi-layi ake haɗa kuɗi a kafa ƙofar ƙarfe a bakin titi, a rufe ta da sha ɗaya ko sha biyun dare, a buɗe da kiran assalatu. A namu layin makullan uku ne: ɗaya wurin shugaban 'yan sintiri, ɗaya wurin ladan, ɗaya kuma wurin wata ungozoma da ake yawan bugo wa ƙofa cikin dare.