Karkatacciyar Koyarwa a Addinin Kirista: Daga Nikiya zuwa Isawan Kano

Mafi yawan abin da Ikkilisiya ta kira karkatacciyar koyarwa a ƙarnonin farko ya taso ne daga tambaya guda, wato matsayin Yesu Almasihu. Ariyus, wani limamin coci a Iskandariya ta Masar, ya koyar da cewa Ɗan halittacce ne, kuma akwai lokacin da babu shi. Rigimar ta yi zafi har Sarki Kustantin ya tara bishop-bishop a Nikiya a shekarar 325, suka yi fatali da ra'ayin, suka rubuta shaidar bangaskiyar da ta zama tushen wadda ake karantawa a majami'u har yau. Taron Afisa na 431 ya tsige Bishop Nastoriyus kan koyarwarsa game da Almasihu, na Kalsidon a 451 kuma ya jawo rabuwar da ta ware cocin Kibɗawa da na Habasha daga na Rum. Ke nan saɓanin ne ya tilasta wa Kiristoci tantance aƙidarsu kalma bayan kalma, amma da tsadar rabuwar kai.

A ƙasar Hausa kuwa, a wurare irin su Kaura Namoda, inda layin dogo daga Zariya ya ƙare a 1929, addinin Kirista ya shigo ne galibi tare da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu, da aƙidarsa a kammale.  Mai neman inda Bahaushe ya tayar da wannan tsohuwar tambaya da kansa, sai ya dubi Kano.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wani malami mai suna Malam Ibrahim ya tsananta bincike kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, har ya fifita shi a kan sauran annabawa, yana jiran dawowarsa. Ya tara almajirai, aka riƙa kiransu Isawa. Malaman fada suka ɗauki wannan a matsayin ridda. Da ya ƙi janye maganarsa, aka tsire shi a kasuwar Kurmi wajen shekarar 1867. Mabiyansa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu ƙasar Zazzau.

Abin lura shi ne Isawan farko ba su taɓa zama da ɗan mishan ba. Isan da suka sani na Alƙur'ani ne, ɗan Maryamu, Kalmar Allah. Babu gicciye, babu Triniti. Da a Nikiya aka gurfanar da su, hukuncinsu ba zai fi na Ariyus sauƙi ba. Ra'ayinsu ya fi kusa da na Ebiyonawa, Yahudawan farko da suka karɓi Yesu a matsayin Almasihu amma suka ƙi allahntakarsa. Saboda haka kuskure ne a kira su Kiristocin ɓoye, kamar yadda wasu littattafan mishan suka so nunawa.

Duk da haka, daga cikinsu ne Ikkilisiyar Hausawa ta sami saiwa. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Mila na mishan ɗin CMS a Zariya, wanda ya daɗe yana wa'azi a birnin ba tare da samun mabiya masu yawa ba. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka haɗu da sauran jama'ar mishan, wadda ta koma Wusasa a 1929. Sai da suka karɓi abin da kakanninsu ba su sani ba, wato baftisma da shaidar Nikiya, kafin a lissafa su cikin masu bi. A makarantar mishan ta Wusasa ce Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya yi karatu.